Yadda muka kama otal a Grand-Bassam don walimar aure, daga fasfo har rasit na ƙarshe

Tun da hotunan bikin ɗan yayana suka zaga a wayoyin dangi, mutane ke tsayar da ni da tambaya iri biyu. Wasu so suke su ji yadda aka yi muka kwashi tsofaffi daga Kano har bakin teku a Kodebuwa. Wasu kuma cewa suke, anya ba wurin nan ne da aka taɓa harbe mutane ba? Shi ne. Grand-Bassam ne, kuma otal ɗin da muka yi walima yana cikin waɗanda harin 2016 ya shafa. Ba zan kama sunansa ba, saboda akwai inda muka ɗan saɓa da su a kan kuɗi, kuma ba na so a ce talla nake yi ko ɓatanci. Zan dai jero yadda aka bi daki-daki, ko wani ya huta da kai-kawon da muka sha.

Marigayi Yaya ya shafe shekaru yana fataucin goro a Anyama, arewa da Abijan, can ya yi aure ya hayayyafa. Da Allah ya yi masa rasuwa, ɗawainiyar 'ya'yansa ta dawo wuyana. Babban ɗansa ya samu yarinya 'yar ƙabilar Jula, iyayenta mazauna Bassam, aka tsayar da biki kafin azumin 2025. Dangin amarya suka ce ɗaurin aure a masallacin unguwarsu ranar Alhamis kamar yadda suka saba, walima ranar Asabar a bakin teku, kama wuri da masaukin baƙi kuwa namu ne. Da na kai maganar gida, Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda rediyo ba ya rabuwa da kunnensa, ya ɗago kai ya ce, "Bassam? Inda aka buɗe wa mutane wuta suna wanka? Kai ɗan nan, ba da ni ba." Hajiya ta ce in Baffa bai taka ba ita ma tana gida. Aka tashi a kan in riga kowa tafiya, in duba wurin da idona, in dawo musu da magana.

Kafin in motsa sai da na zauna na tattara abin da ya faru, don Baffa ba mutumin da za ka ce wa "ai ba komai" ya yarda ba ne. Ranar Lahadi 13 ga Maris 2016, da tsakar rana, 'yan bindiga uku suka ɓullo ta bakin ruwa, suka yi ta harbin masu wanka da masu hutawa a kan yashi, suka bi jerin otal-otal ɗin da ke gaɓar, har da Étoile du Sud wanda sunansa ya fi fitowa a labarai. An kashe mutum 19, uku daga cikinsu sojoji, aka jikkata 33. Cikin mamatan akwai 'yan ƙasar, da Faransawa huɗu, da wata 'yar Najeriya, da Henrike Grohs, Bajamushiyar da ke shugabantar cibiyar Goethe ta Abijan. Jami'an tsaro sun kashe maharan duka. Reshen Al-Ƙa'ida na yankin Magrib ne ya ce shi ya kai harin, kuma shi ne na uku a jere bayan na otal ɗin Radisson Blu a Bamako cikin Nuwamba 2015 da na Splendid a Wagadugu cikin Janairu 2016. Shari'a ba ta zo ba sai ƙarshen 2022, inda kotu a Abijan ta yanke ɗaurin rai-da-rai, wasu suna gabanta, wasu a bayan idonsu, ciki har da Kounta Dallah da ake zargi da kitsa abin. Tun daga 2016 ba a sake kai irin wannan hari a Bassam ba. Waɗanda suka biyo baya, kamar na Kafolo a Yuni 2020, can arewa ne a iyakar Burkina Faso, tafiyar ɗaruruwan kilomita daga teku. Na karanta wa Baffa duk wannan, ya saurara tsaf, ya ce to ya ji, amma gani ya kori ji.

Aikin farko fasfo ne. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza don shiga Kodebuwa, tunda duk muna cikin ECOWAS, kana iya zama har kwana 90. Amma rabin waɗanda za su tafi fasfonsu ya mutu tun bayan aikin Hajji, wasu ma ba su taɓa yi ba. A lokacin mai shafi 32 na shekara biyar naira 50,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma naira 100,000. Daga Satumba 2025 an ninka kuɗin, don haka a yi lissafi da sabon farashi. Ana cike takarda a intanet, a biya, a zaɓi ranar ɗaukar hoto da zanen yatsa. Inda aka tsaya cak shi ne lambar NIN. Duk abin da ke jikinta dole ya dace da abin da aka rubuta, harafi da harafi. Sunan Goggo a tsohon fasfonta da "ou" aka rubuta, a NIN kuma da "u", shekarar haihuwarta ma ta bambanta. Sai da aka fara gyara can tukuna, aka jira gyaran ya hau, sannan aka dawo layin fasfo. Wannan kaɗai ya ci makonni. Ranar ɗaukar hoto mun fita bayan asuba, muka tarar da mutane sun riga mu, tsofaffi suka yi zaman benci har azahar ta gota. Wanda zai kai dattijo ya tafi masa da ruwa da maganinsa da abin taɓawa.

Sai katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa. Shi ma a intanet ake biya, a buga rasit, a kai ofishin lafiya na tashar jirgi tare da fasfo, a yi allura, a ba ka kati mai lambar da ake haskawa da na'ura. Abu biyu na so a ce wani ya gaya mana tun farko. Na ɗaya, katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allura, saboda haka wanda ya bari sai ana saura mako ya makara. Na biyu, tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, wanda yake da shaidar ya taɓa yi ba sai an sake huda shi ba. Ga wanda ya haura shekara 60 kuma bai taɓa yi ba, likita ne zai duba ya yanke hukunci, don allurar takan fi wahalar da tsofaffi. Baffa ya tono tsohuwar shaidarsa a cikin jakar takardun Makka, aka duba aka karɓa. Akwai masu tare ka a bakin ƙofa su ce za su kawo maka kati ba allura. Kada ka saya. Ban da hatsarin kama ka da na jabu, Bassam ɗin da za ka je gari ne da annobar shawara ta taɓa kwashe wa mutane har Turawan mulki suka tattara suka bar shi.

Ana cikin wannan ina ta neman otal ɗin a waya. Lambar da na samo a wani tsohon shafi ta ƙi shiga, har na fara zaton sun rufe. Ashe tun ƙarshen Janairu 2021 lambobin Kodebuwa suka koma lamba goma maimakon takwas. Layin Orange an ƙara masa 07 a gaba, na MTN 05, na Moov 01, wayar tebur kuma akasari 27. Duk lambar da ka gani mai takwas bayan +225, tsohuwa ce. Da waya ta shiga sai matsalar harshe ta taso, Faransanci zalla. Daga nan na jawo ƙanwar ango cikin maganar, wadda aka haifa a unguwar Treichville ta Abijan, tana jin Hausa da Jula da Faransanci, ita ta zama bakinmu har aka gama. Muka nemi takardar ƙiyasin kuɗi, ta ɗakuna da filin taro da abinci. Suka turo a WhatsApp, ɗaki mai gado biyu sefa 45,000 a dare. Ina shirin cewa madalla sai yarinyar ta ce mini, "Dakata, duba ƙasan takardar." Akwai haruffa biyu, HT, wato farashin ba haraji a ciki. Harajin kaya a can kashi 18 cikin ɗari ne, ga kuma ɗan harajin kwana da ake ɗora wa kowane ɗaki. Muka ce a sake rubutawa da TTC, wato komai a haɗe. Bambancin da ya fito ya isa kuɗin rago.

Suka nemi rabin kuɗi kafin alƙalami. A lokacin katunan naira na yawancin bankuna ba sa aiki a waje, su kuma sun fi son Wave ko Orange Money, hanyoyin tura kuɗi ta waya, waɗanda sai da layin can za ka buɗe. Hanyar da muka bi ita ce ta fatake: na ba wani amintaccen abokin cinikin marigayi Yaya naira a Kano, ɗansa ya miƙa wa ango sefa a unguwar Adjamé ta Abijan. Sefa 1,000 tana haura naira 2,000 a lokacin, kuma farashin yana motsi kusan kullum, don haka muka tsayar da shi a rubuce ranar da na biya. Sefar kanta ba ta rawa, a ɗaure take da kuɗin Turai, Yuro ɗaya sefa 655.957. Nairarmu ce ke rawa. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram ba su da wannan ciwon kai, kuɗinsu ɗaya da na can. Na hana a tura wa otal ɗin ko sisi sai na je na gani. Suka yarda su riƙe mana ranar zuwa wani ɗan lokaci, na kuwa yaba musu a kan haka.

Na tashi ta Legas. Jirgi bai kai awa biyu ba ya sauka a filin Félix Houphouët-Boigny da ke Port-Bouët, kuma agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya. Kafin ka kai ga masu buga fasfo, ma'aikatan lafiya ne ke fara tare ka su nemi katin shawara. Wanda ba shi da shi sai a ware shi gefe, ya biya a yi masa allura nan take. Jami'in shige-da-fice ya tambaye ni inda zan sauka, na nuna masa adireshi a rubuce, ya buga ya miƙo. A nan cikin filin na sayi layi, aka yi rajista da fasfona. Ango ya zo da mota. Daga Abijan zuwa Bassam kimanin kilomita 40 ne, kuma filin jirgin yana kan hanyar, ba sai ka shiga cikin gari ba. Sabuwar hanya tana da shingen biyan kuɗi, ƙaramar mota sefa 1,000. Tsohuwar tana nan, tana bin gaɓa cikin itatuwan kwakwa da rumfunan masu sassaƙa. Wanda ba shi da mai ɗaukarsa, akwai tashar Bassam a Treichville.

Garin kashi biyu ne. Akwai inda jama'a ke zaune da kasuwa da masallatai, akwai kuma tsohuwar unguwar Turawa, Quartier France, a kan wani siririn tudun yashi tsakanin tafki da teku. Nan ne babban birnin farko na mulkin mallakar Faransa a ƙasar daga 1893, kafin a mayar da shi Bingerville, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2012. Babbar hanyar shiga gada ce, Pont de la Victoire, wadda ke tuna wa mutane matan da suka tako tun daga Abijan a Disamba 1949 suna neman a saki mazajensu da Turawa suka tsare. Kusa da gadar akwai dutsen tunawa da waɗanda aka kashe a 2016. Na sa ango ya tsaya, na sauka na duba sunayen. Daga nan ka wuce tsofaffin gidajen 'yan kasuwar Turawa, wasu an gyara wasu bishiya ta tsiro a cikinsu, da gidan gwamna da aka mayar gidan tarihin tufafi, sai ga otal-otal a jere sun ba titi baya suna kallon ruwa.

A ƙofar gaba komai ya yi daidai da abin da mai tsoro ke so ya gani. An buɗe bayan mota, an leƙa ƙarƙashinta da madubi, an shafa mana na'ura, an rubuta sunayenmu. Ba zan ɓoye ba, na ji wani iri da na sauko da babbar riga da gemu, ina tunanin da wane ido za su kalle ni a wurin da masu kiran sunan addinina suka zubar da jini. Mai gadin da ya caje ni ya yi mini sallama cikakkiya, ya tambaye ni hanya da Jula. Musulmi suna da yawa ƙwarai a ƙasar nan, kuma su ma an kashe nasu a ranar. Manajan ya zagaya da ni ɗakuna da filin taro yana ta nuna mini kyamarori. Na bar shi ya gama, sannan na ce ya kai ni ƙofar baya. Wannan ita ce tambayar da ta kawo ni, domin maharan 2016 ba ta titi suka shigo wa mutane ba, ta yashi suka zo. Bakin teku na kowa ne, masu tallar kwakwa da zannuwa da masu dawakin haya suna wucewa yini guda, ba wanda zai katange shi. Abin dubawa shi ne me ke tsakanin yashin da teburin da Hajiya za ta zauna. Na tarar da katanga da ƙofa ɗaya, da mai gadi a zaune. Na tambaya ko ƙofar tana kulluwa daga ciki, wa ke riƙe da makulli, ƙarfe nawa ake rufe ta, kuma in abu ya faru ta ina mutum ɗari za su fita ba tare da sun tattake juna ba. Manajan ya ɗan yi shiru, sannan ya kai ni wata ƙofar gefe ta wajen kicin da ke fita wani lungu. Kwalaben lemo ne jibge a bakinta. Na ce ranar bikinmu a kwashe, ya ce za a kwashe, na ce a rubuta.

Daga nan muka zauna kan yarjejeniya, kuma nan ne muka fi daɗewa. Otal ne na 'yan yawon buɗe ido, akwai mashaya, kicin ɗinsu kuma yana dafa wa kowa abin da ya nema. Muka yi sharaɗi a rufe mashayar da ke kallon filin taro har mu tashi, naman walima kuma namu ne. Suka ce shigo da abinci daga waje yana da kuɗinsa, aka yi ciniki aka daidaita: su za su yi shinkafa da gasasshen kifi da attiéké, wato turararren garin rogo, da soyayyar ayaba, mu mu kawo raguna daga kasuwar dabbobi, mahaucinmu ya yanka, matan dangi su yi tuwo da miyar kuka don tsofaffi a tukwanen da muka zo da su. Muka nemi ɗaki ɗaya a share a shimfiɗa tabarmi don salla, da butoci, saboda bayan gidan otal ba ya zuwa da buta. Na sa aka rubuta adadin kujeru, da lokacin da za a kashe kiɗa, da wanda zai sayi man janareta in wuta ta ɗauke, da abin da za a mayar mana in an fasa. Sai da aka sa hannu aka buga hatimi sannan ango ya tura kafin alƙalami, muka karɓi rasit na takarda, ba saƙon waya kaɗai ba.

Manajan ya nemi jerin sunayen baƙi kamar yadda suke a katin shaidarsu, ya kuma ba da shawarar mu sanar da ofishin 'yan sanda na garin tunda taron ya haura mutum ɗari kuma akwai baƙi daga wata ƙasa. Ƙanwar ango ta rubuta wasiƙa da Faransanci, muka haɗa da kwafin fasfona da na yarjejeniyar. Mun yi zaman jira mai ɗan tsawo a kan benci, amma da aka kira mu abin bai ɗauki lokaci ba. Jami'in ya karanta, ya tambayi ranar da lokacin, ya buga hatimi a kwafinmu, ya ba mu lambar da za a kira. Ba a nemi ko sefa ɗaya ba. Na kuma sa aka nuna mini hanyar babban asibitin garin, na adana lambar 'yan kwana-kwana, 180, da ta motar asibiti, 185. Da yamma na kira gida ta bidiyo, na zagaya da Baffa tun daga ƙofar gaba har ta baya har lungun kicin. Ya ce in sake nuna masa katangar. Na nuna. Ya ce, "To, Allah ya tsare. Gaya wa Hajiya ta haɗa kaya."

Tawagar ta rabu biyu. Tsofaffi da mata masu goyo suka biyo jirgi, matasa suka biyo mota daga Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000 da iyaka huɗu: Seme, Hilakondji, Aflao, sai Elubo da Noé. A kowace iyaka sai an sauka an nuna fasfo da katin shawara, kuma sun ce ƙananan kuɗi a aljihu sun fi manya amfani. Abin da ba su sani ba sai da muka gaya musu a waya shi ne hanyar Noé tana ratsa Aboisso da Bonoua ta biyo ta Bassam kafin ta kai Abijan, don haka suka roƙi direba ya sauke su a nan, suka huta da komowa baya cikin cunkoso. A otal kowane baƙo sai ya cike takardar 'yan sanda, suna da lambar fasfo da inda ya fito da ranar tafiya, duk da Faransanci. Mutum talatin a gajiye suna jiran biro ɗaya ba abin sha'awa ba ne. Da mun karɓi takardun tun da wuri mun cike wa kowa, sa hannu kawai za su yi. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayye, cajar Najeriya mai baki uku ba ta shiga, a daren nan aka aika yaro kasuwa ya sayo mahaɗi.

An ɗaura aure lafiya. Dangin amarya sun riga sun yi na ofishin magajin gari, domin a dokar ƙasar shi ne auren da hukuma ta sani. Ranar walima na zaunar da tsofaffi a gefen da ke kusa da ƙofar kicin, ban gaya musu dalili ba. Kwalaben an kwashe. Motar 'yan sanda ta wuce ta titi, wani jami'i ya leƙo ya gaisa da manajan ya tafi. Abu ɗaya ne ya sosa mini rai, kuma daga ɓangarenmu ya fito. Wani yaro cikin matasanmu ya tare wani dattijon ma'aikaci da ke raba abinci, yana riƙe da waya yana ɗauka, yana tambayarsa a ina aka harbe mutane. Mutumin ya ajiye tire ya juya ya shige ciki. Daga baya aka gaya mini yana bakin aiki a ranar. Na ja yaron gefe na sa ya goge, na je na ba dattijon haƙuri. Mutanen nan bayan harin sun yi watanni ba baƙi, wasu sun rasa aiki, wasu sun rasa abokai. Har majalisar ministoci ta je ta yi zama a garin kwanaki kaɗan bayan abin don a nuna wa duniya ba a gudu ba. Wanda yake son labari ya je wajen dutsen tunawa, yana nan a fili.

Tekun kuma sai an yi da gaske. Yaran Kano da ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce Tiga ba suna ganinsa suka fara tuɓe riga. Igiyar ruwan Bassam tana da ƙarfi, tana ja ta ƙasa, kuma tana cin mutane, har waɗanda suka iya iyo. Masu gadin bakin ruwa suka yi ta busa usur. Na tsayar da doka cewa ba mai wuce idon sawu, mai son wanka ga kwamin otal nan, na sa manyan samari biyu suna lura da ƙananan yara har magariba. A gaskiya yinin nan idona ya fi zama kan ruwa fiye da kan ƙofa.

Washegari aka zo lissafi. Takardar da suka kawo ta haura abin da muka yi yarjejeniya da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Sun ce baƙi sun fi adadin da aka rubuta, sun ƙara kujeru da faranti, ga lemon da aka sha daga firjin ɗakuna. Maganar ƙarin mutane gaskiya ce, bikin Hausa da Jula ba a yi masa ƙidaya, amma adadin da suka rubuta ya wuce abin da muka gani. Abin da ya cece mu shi ne littafin mai gadin ƙofa, inda aka rubuta duk wanda ya shigo. Aka ɗauko aka ƙirga a gaban kowa, adadin ya sauko, muka biya na gaskiya. Lemon firji kuwa ba gardama, Goggo ta ɗauka kyauta ce ta amarci, ta raba wa jikoki.

Wanda zai bi wannan hanya, ya fara da NIN ɗin tsofaffi wata uku kafin tafiya, don shi ne abin da ba ya saurin gyaruwa, allurar shawara kuma kada ta gaza mako biyu kafin tashi. Ya samu mai jin Faransanci daga cikin dangi, wanda zai karanta takarda har ƙasa, ba ɗan kamasho ba. Kada ya biya komai sai shi ko wakilinsa ya taka wurin. In ya je, kada kyamara da madubin ƙarƙashin mota su ɗauke masa hankali, ya nemi a nuna masa ɓangaren ruwa da ƙofar fita ta biyu, kuma manajan da ya ji haushin wannan tambaya ba wurin kai iyali ba ne. Ya guji Lahadi in yana son sarari, domin ranar ce mutanen Abijan ke kwararowa Bassam, hanya ta cushe tun la'asar. Ya guji watannin Mayu zuwa Yuli saboda ruwan sama, haka ma ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, lokacin bikin Abissa na mutanen N'zima, sa'ad da ɗaki ke wuyar samu. Ya sa a rubuta cikin yarjejeniya kuɗin kowane farantin da ya ƙaru, ya ajiye nasa mutum a ƙofa yana ƙirga tare da nasu, kuma ya ce a kwashe kayan firjin ɗakuna kafin baƙi su shiga. Sefar da ta rage a canza ta a Adjamé ko Treichville kafin a taso, ko a bar wa 'yan uwa na can, domin tsabar ƙarfe ba mai karɓarta a Wapa.